Kowa Na Ɗiban Ruwa, Babu Mai Yasar Rijiya: Garwa da Makomar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Akwai wata kalma da ta yi mana illa a sha'anin kimiyyar zamani, ita ce kalmar "kyauta". Da zarar an ce wa mutuminmu manhaja kaza kyauta ce, sai ya sauke ta a wayarsa, ya yi hamdala, ya wuce. Ba zai tambayi wanda ya rubuta ta ba, balle ya tambayi abin da wannan bawan Allah ya ci a daren jiya. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a arewacin Kamaru, daga babbar kasuwar Garwa har ofisoshin gwamnati, daga ɗalibi har shehun malami, kuma da ita na zo yin faɗa a yau. Da'awata guda ce. Makomar buɗaɗɗiyar manhaja a wurinmu ta rataya ne a kan ko za mu yarda mu ciyar da mutanen da za su zauna su kula da ita shekara da shekaru. In muka ƙi, Hausa da Fulatanci za su ci gaba da zaman ci-rani a cikin na'urorin da ke aljihunmu, kuma babu wanda za mu zarga sai kanmu.

Bari mu fara da fayyace abin da ake magana a kai, domin kada mu yi ta musu a cikin duhu. Kowace manhaja tana da asalin rubutu, wato jerin umarnin da magininta ya tsara da hannunsa kafin a juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna kulle asalin rubutun manyan kayayyakinsu a taska, su sayar maka da izinin amfani kawai, tamkar mai maganin da zai ba ka ƙulli amma ba zai taɓa nuna maka itacen da ya saro ba. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka baje asalin rubutunta a fili, aka haɗa ta da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaura wannan aniya a Amurka a 1983 da shirinsa na GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fito da Linux.

Kada mai karatu ya zaci labarin wata duniya ake ba shi. Wayar Tecno ko Itel da ke hannun ɗan acaba a Rumde Ajiya, muddin Android ce, a kan Linux aka gina ta. Manhajar VLC da ake kallon finafinan Kano da ita, aikin ɗalibai ce a makarantar École Centrale ta Paris, sun fara ta a 1996, aka buɗe ta ga duniya a 2001. Alƙaluman haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da cibiyoyin lafiya na yankin Arewa ke aikawa Yawunde, ta DHIS2 suke bi, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar kula da ita, ƙasashe fiye da 70 kuma suke amfani da ita, har da Nijeriya. Ke nan mun daɗe muna shan ruwan wannan rijiya safe da yamma. Abin tambaya shi ne me muka taɓa mayarwa cikinta.

Wannan tsari na baje ilimi a fili ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar Modibbo Adama. Kafin zuwan injin ɗab'i, da hannu ake kwafar littafi a zaurukan Garwa da Marwa da Ngaundere. Ɗalibi ya kwafa daga na malaminsa, ya ƙara ɗan sharhi a gefen takarda da Larabci ko da Ajamin Fulatanci ko na Hausa. Na bayansa ya zo ya kwafa har da sharhin, ya gyara inda alƙalami ya zame, ya sa sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'ar masu karatu. Ba a taɓa jin malamin da ya kai ɗalibinsa ƙara wurin alƙali don ya kwafi littafi ba. Sai dai akwai rabin labarin da muke mantawa. Gari ne ke ciyar da malam. Akwai kuɗin Laraba, akwai damin hatsi da kaka, akwai gonar malam da ɗalibai ke nomewa, akwai kyautar da ke fitowa daga fadar lamiɗo. Kakanninmu sun san ilimi ba hajar sayarwa ba ne, sun kuma san mai riƙe da shi yana da ciki da iyali. Mu mun rungumi rabin farko na wannan hikima don ya yi mana daɗi, mun yar da rabin na biyu don yana taɓa aljihu.

A yi adalci, wannan cuta ta kama duniya baki ɗaya, har masu kuɗinta. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bankuna da kasuwancin intanet na wani babban yanki na duniya. Da aka bincika, sai ga shi mutum ɗaya tak ke aikin kula da ita cikakken lokaci, gudummawar da ke shigo musu kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Shekara goma bayan haka, a watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta na ɗaukarsa ƙarin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Mai kula da ita, Lasse Collin, ɗan sa-kai ne da ya shekara da shekaru yana ɗawainiya shi kaɗai har ya gaji. Wani mai laƙabin Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amincewarsa, sannan ya dasa mugun abinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa a nan gajiyar mutum ɗaya ce wanda duniya ta ɗora wa kaya ba ta ko ba shi ruwan sha ba.

Darasin a bayyane yake. Rubuta manhaja kamar haƙa rijiya ne, aiki ne na 'yan watanni, ana gamawa ana yanka rago ana ɗaukar hoto. Kula da ita kuwa kamar yasa ce. Kowace shekara sai wani ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin duhu ya kwaso laka, ba kiɗa ba maroƙi. Na'urori na sauyawa, ɓarayi na gano sababbin hanyoyi, masu amfani na kawo ƙorafi, kuma dole a sami mai amsawa. Mutumin Garwa bai kamata a koya masa wannan ba, domin shaida na nan a bakin kogin Binuwai. A da, da damina ta yi nisa ruwa ya cika, jiragen ruwa kan hauro daga Nijeriya har tashar Garwa, su sauke haja su ɗauki auduga da gyaɗa. Yau manyan jiragen sun zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. An gina madatsar Lagdo, yanayin cikar kogin ya sauya, yashi ya yi ta taruwa, ba a sami mai yashewa ba. Babu wanda ya zo da gatari ya rushe tashar nan, sakaci ne ya ci ta a hankali. Haka manhaja ke mutuwa, ana tsaka da amfani da ita.

To, me hukuma ta yi a lokacin da ta sami kuɗi a hannu? A 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da cewa za ta raba wa ɗaliban jami'o'i kwamfutoci 500,000, a ƙarƙashin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga bankin Exim na ƙasar Sin, wanda ya haɗa da gina cibiyoyin fasaha a jami'o'in gwamnati. A ƙasar Sin aka ƙera kwamfutocin, aka buga musu tambarin PB HEV, aka fara rabo a ƙarshen 2017. Sun zo da Windows 10 da ma'ajiya mai gigabait 32. Kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta zama a na'urar da ma'ajiyarta ta gaza gigabait 64. Ma'ana, ko waɗanda suka tsira daga faɗuwa da ƙura da zafin Garwa, wani kamfani a wata nahiya ya riga ya yanka musu wa'adi, bashin kuwa yana nan a wuyan 'yan ƙasa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba na cewa ɗalibin da ya sami kwamfutarsa ta farko ta wannan hanya bai amfana ba. Ya amfana, kuma Allah Ya sa masa albarka. Amma a zo a yi lissafi. Kashi ɗaya cikin ɗari na biliyan 75 shi ne miliyan 750. A ƙaddara ana biyan ƙwararren magini sefa 500,000 a wata, wato miliyan 6 a shekara. Wannan kashi ɗaya kaɗai zai riƙe magina 12 har tsawon shekara goma. Da an ajiye huɗu a Ngaundere, huɗu a Marwa, huɗu a Garwa, aikinsu kawai su shirya Linux mai sauƙi da za ta zauna a waɗannan ƙananan na'urori, da haruffanmu a ciki, da littattafan karatu da ba sa bukatar intanet, su kuma riƙa gyara duk abin da ya lalace, da yau muna da gwanaye da ɗalibansu da ɗaliban ɗalibansu. Ƙarfe yana tsufa ya mutu, mutumin da ya iya aiki kuwa kullum ƙara gogewa yake yi. Abin takaici shi ne, Faransar da ofisoshinmu ke kwaikwayo a komai, jandarmominta sun fara mayar da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan Linux tun 2008. Wannan ɗabi'ar ce kaɗai ba mu ga damar kwaikwayo ba.

Kada kuma wani ya ce babu yaran da za su iya. A farkon 2017 wani matashi ɗan shekara 17 daga Bamenda, Nji Collins, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga sahun manyan zakarun gasar Google Code-in, gasar da a wancan lokacin ake yi wa yara 'yan sakandare a kan buɗaɗɗiyar manhaja. Aikin da ya yi a kan OpenMRS ne, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya da asibitoci ke amfani da ita a ƙasashe da dama. Da ƙyar ya sha, domin a ranar 17 ga Janairun wannan shekara, jim kaɗan bayan rufe gasar, gwamnati ta katse intanet a yankuna biyu masu magana da Turanci, ba ta maido ba sai 20 ga Afrilu. Dole ta sa yaron ya koma Yawunde don ya ci gaba da aiki. Babu jami'ar da ta yi masa jarabawar shiga, babu ofishin da ya nemi takardar haihuwarsa ko sunan wanda ya tsaya masa. Ƙofar a buɗe take, ya shiga, aikinsa ya yi magana. Wace hujja ke gare mu ta cewa babu irinsa a Yelwa, ko a Gider, ko a Kusiri? Suna nan, sai dai ba su da wanda zai nuna musu ƙofar, in sun shiga kuma ba su da wanda zai riƙe su kada yunwa ta fito da su.

Mu zo kan abin da ya fi taɓa wannan shafi, wato harshe. Bahaushe ya san ƙasa daban kasa daban, baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban. Bafulatani kuma ba ya iya rubuta harshensa daidai ba tare da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ ba. Masana sun zauna a Bamako a 1966 sun daidaita yadda za a rubuta harsuna da dama na Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulatanci, Kamaru kuma ta amince da baƙaƙen bai-ɗaya na harsunanta a 1979. Duk da haka, har yau za ka ga mai digiri yana rubuta Hausa babu lanƙwasa ko ɗaya, in ka yi magana ya ce wayarsa ba ta da su. Wa ya share mana hanya a wannan fage? Ƙungiyar masana harsuna ta SIL, mai hedikwata a Dallas ta Amurka, ita ce ta fitar da salon haruffa na Harmattan domin Ajamin Afirka ta Yamma, da na Alkalami wanda aka zana bisa rubutun Kano, ta kuma sake su da buɗaɗɗen lasisi. Ita ce ke riƙe da Keyman, manhajar da ke ba mutum damar buga baƙaƙen harshensa. A 2020 Unicode, ma'aunin haruffa na duniya, ya ƙara wasu baƙaƙen Ajami da Hausa ke bukata. Waɗanda suka yi wannan ɗawainiya sun cancanci godiya. Amma abin kunya ne a ce rubutun da kakanninmu suka yi ƙarnuka suna yi da tawada da alƙalamin kara, sai wasu daga ƙetaren teku ne za su shigar mana da shi kwamfuta, mu kuma ko sunan aikin ba mu sani ba.

Wasu 'yan'uwanmu ba su tsaya jira ba. Sarkin Bamun, Ibrahim Njoya, ya ƙirƙiro rubutun mutanensa a Fumban tun ƙarshen ƙarni na 19, rubutun kuma ya shiga Unicode a 2009. A ƙasar Gini, wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, Ibrahima da Abdullahi Barry, sun ƙirƙiro rubutun Adlam na Fulatanci a 1989, suka yi ta bibiyarsa shekara 27 har ya shiga Unicode a 2016. Ibrahima Sarr da abokansa sun fassara Firefox zuwa Fulatanci, har suka ari kalmar da makiyayi ke faɗa in saniya ta faɗi ba ta mutu ba, suka ba wa tsayawar manhaja ba zato. Sai dai Fulatancin Futa Toro suka yi aikin da shi, kuma kowa ya san akwai tazara tsakaninsa da na Adamawa da ake ciniki da shi a kasuwar Garwa. Lasisi ya ba mu damar ɗaukar aikinsu mu daidaita da bakinmu ba tare da neman izinin kowa ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka zauna suka yi? Haka kuma a rumbun muryoyi na Common Voice, wanda Mozilla ta buɗe a 2017 domin na'ura ta koyi jin harsunan mutane, harshen Kinyarwanda ya tara fiye da sa'o'i 2,000, Hausa mai ninkin-ba-ninkin masu magana ba ta ko kama ƙafarsa ba. Mutanen Ruwanda sun kira aikin nasu da sunan umuganda, wato gayyarsu ta gargajiya, amma ba su bar shi ga sa-kai tsura ba, sun kafa masa ma'aikata, sun nemo masa kuɗi. Mu ma muna da gayya. Ko a gayyar noma, mai gona ne ke dafa tuwo.

Na san abin da za a ce. Na farko, za a ce yankin da ke fama da talauci da ƙarancin ruwan sha, da yaƙin Boko Haram a Arewa Mai Nisa, da ɗaukewar wuta duk lokacin da ruwan Lagdo ya ja baya, ina shi ina zancen manhaja? Wannan magana tana da nauyi, amma a wurina ita ce babbar hujjar da ke goyon bayana. Mai wadata ne ke iya sayen sabuwar kwamfuta duk bayan shekara huɗu, ya biya lasisi da kuɗin waje. Talaka shi ya fi kowa bukatar manhajar da za ta tashi tsohuwar na'ura, ta yi aiki ko babu intanet, wadda yaron unguwa zai iya buɗewa ya gyara. Kiwix, alal misali, tana ɗauke Wikipedia sukutum ta ajiye a na'ura guda, makarantar ƙauye ta yi karatu da ita ba tare da sayen data ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ba za ta maido da layin da gwamnati ta katse ba, amma abin da ke zaune a na'urarka ba ya tafiya tare da layin.

Na biyu, za a ce ai Windows ma kyauta ce a wurinmu, tun da mai gyara a kasuwa zai sa maka ta sata da 'yan kuɗi kaɗan. Wannan wayo ne na a-ci-yau. Manhajar sata sau da yawa tana zuwa da ƙwayoyin cuta, ba ka da ikon gyara ta, ba ka da bakin kai ƙara in ta cuce ka, kuma tana horar da 'ya'yanmu su zama ƙwararrun masu danna abin da wani ya gina. Makarantar da ke koyar da yaro kwamfuta da kayan sata, ta koya masa darussa biyu a zama ɗaya, na biyun kuma ya fi zama a zuciya.

Na uku, za a ce manyan kamfanoni suna ba mu komai ba ko sisi, ga Facebook ga WhatsApp ga Google, me ya yi zafi? Wanda ya ba ka ɗaki kyauta, shi ke da ikon cewa ka kwashe kayanka. An rufe Google+ a 2019, an rufe Skype a 2025, kuma babu wanda ya nemi shawarar masu amfani da su a Garwa ko a Kano. Kamfani yana sa harshenka a manhajarsa in lissafinsa ya nuna riba, yana kuma iya cire shi ran da lissafin ya juya. Ba mugunta ba ce, kasuwa ce. Wautar tana wurin al'ummar da ta ɗauki waƙoƙinta da tarihinta da wa'azinta da muhawarorinta ta jibge a ɗakin da ba ta da mabuɗinsa, har da wannan rubutu da kake karantawa.

Na huɗu, wanda ya fi tashe a yanzu, za a ce ƙirƙirarriyar basira ta zo, ita za ta rubuta mana manhaja, ta kuma yi mana fassara, mu huta. Lallai tana rubutu, da sauri kuwa. Amma yawan masu zuba ruwa a randa ba ya rage aikin mai tacewa. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Sweden da ke kula da curl, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, ya sha fitowa fili yana kukan yadda rahotannin ƙarya da ƙirƙirarriyar basira ta tsara ke cinye lokacin 'yan tsirarun mutanensa. In haka take a Turanci da ya cika intanet, yaya za ta kasance a Fulatancin Adamawa da rubutunsa bai taka kara ya karya ba a can? Na'ura za ta zubo jimla mai kama da gaskiya, kuma sai an sami ɗan harshen da zai ce mata wannan ba maganarmu ba ce. Zuwanta ya ƙara wa mai kula daraja, ya kuma ƙara masa kaya.

Akwai laifin da ke kanmu mu 'yan boko, kuma dole a faɗe shi. Mun mayar da fasaha bikin kwana uku. A kama zauren otal, a buga riguna, a raba alawus, matasa su kwana biyu ba barci su haɗa wata manhaja, a ba na ɗaya kyauta, a watse. Bayan wata shida ka nemi manhajar, ko ƙurarta ba za ka gani ba. Kowane yaro so yake a kira shi mai kamfani, babu mai son a kira shi mai gyaran kuskuren wani. Alhali gyara kuskure ɗaya a cikin LibreOffice ko Keyman, wanda dubban mutane za su ci moriyarsa shekara goma, ya fi sababbin manhajoji ashirin da za su mutu kafin kaka. Ƙasar Jamus ta gane haka, shi ya sa a 2022 ta kafa asusu na musamman da ke biyan masu kula da tsofaffin manhajojin da kowa ya dogara a kansu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ga waɗanda nake nema a wurinsu. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a watan Janairun 2022, yarinya ce ɗanya da ba ta riga ta sandare a kan tsofaffin al'adu ba. Ta zaɓi abu guda ta ce nata ne, kamar yadda Oslo ta riƙe DHIS2: allon buga haruffa, da ƙamus, da manhajar duba kuskuren rubutu na Hausa da Fulatancin Adamawa, a boko da Ajami. Ta ɗauki ma'aikata na dindindin a kan wannan, ta kuma yarda ɗalibi ya kammala karatu da gyaran da aka karɓa a wata buɗaɗɗiyar manhaja, maimakon kundin da zai kwanta a kanta gara ta ci. Ta miƙa hannu ga Ngaundere da Marwa, ta tsallaka iyaka zuwa Jami'ar Modibbo Adama ta Yola da Jami'ar Bayero ta Kano, domin harsunan nan biyu ba su san shingen kwastan ba.

Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda ke da hedikwata a Garwa tun kafuwarsa a 1974, ya riƙe ƙungiyar ƙwallon Coton Sport har ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Wanda ya iya ciyar da 'yan wasa da masu horar da su shekara da shekaru, ba zai gaza albashin magina biyar ba, musamman da yake dubban manoman da yake hulɗa da su sun fi jin Fulatanci da harsunan gida a kan Faransanci. Alhazan birni masu haƙa rijiyoyin burtsatse su sani cewa albashin mai kula da ƙamus na shekara uku shi ma waƙafi ne mai gudana, ko da yake ba shi da bangon da za a rubuta suna. Hukumomi kuma, daga ma'aikata har ƙaramar hukuma, su kafa sharaɗi: duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a, a baje asalin rubutunta ga jama'a, kuma a ware kason kula da ita tun ranar sa hannu a kwangila.

Kai kuma mai karatu, naka ya fi sauƙi. Sa haruffa masu lanƙwasa a wayarka yau, ka daina rubuta kasa alhali ƙasa kake nufi. Ba da minti goma ka karanta jimloli a Common Voice. In ka ga kuskure a fassarar wata manhaja, ka nemi inda ake kai gyara ka kai, maimakon ka yi dariya ka wuce. In kana da ƙane ko ɗiya mai son kwamfuta, ka saya mata data ta wata guda ka nuna mata ƙofar da yaron Bamenda ya bi. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A wannan karon rijiyar ta bayar har ta gaji, laka na taruwa a gindinta, igiya kuma tana hannunmu. Allah Ya ba mu masu sauka, Ya kuma ba mu zuciyar ciyar da su.